Aiki a Banki, Albashi Daga Wani Kamfani: Gaskiya da Jita-jita Kan 'Yan Kwantiragi a Fagge da Sabon Gari

Shiga kowane reshen banki a titin Murtala Muhammad, ko Bello Road, ko France Road a Sabon Gari, ka ƙirga mutanen da za ka yi hulɗa da su tun daga bakin ƙofa. Ga maigadin da ya buɗe maka, ga yarinyar da ke nuna wa mutane layi, ga kashiyan da ya ƙirga cinikin da ka kwaso daga Kwari, ga kuma matashin da ya bi ka har shago jiya yana lallashinka ka buɗe asusu. Dukkansu tambarin bankin ne rataye a wuyansu. Amma da za a ciro takardun da aka ɗauke su aiki da su, da yawansu ba sunan bankin za ka gani a sama ba. Sunan wani kamfani ne, galibi mai hedikwata a Legas, wanda sana'arsa ita ce ya ɗauki mutane, ya tantance su, ya tura su su yi wa wasu aiki, shi kuma ya riƙa biyan su albashi.

Ba ƙaramin rukuni ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun nuna bankunan kasuwanci na da ma'aikata 95,026, kuma 39,798 daga cikinsu 'yan kwantiragi ne. Sun fi ƙananan ma'aikata na dindindin yawa, sun ninka manyan ma'aikata fiye da sau biyu. A ƙarshen Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, wani bidiyo ya fita na shugaban bankin Access na lokacin, marigayi Herbert Wigwe, yana gaya wa ma'aikata cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na masu yi wa bankin aiki daga irin waɗannan kamfanoni suke, kuma ta wajensu za a rage. Sai da Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka fito a ranar 3 ga Mayu suka ce kada bankin da ya sallami kowa ba da izini ba. Kuma abin bai tsaya a banki ba. Otal-otal, asibitocin kuɗi, manyan kantuna, kamfanonin sadarwa da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa duk sun koyi dabarar.

Inda mutane suka yi yawa haka, ga ƙaramin albashi ga fargabar kora, dole zantuka su yi yawa. Wasu gaskiya ne. Wasu suna sa ma'aikaci ya zauna jiran abin da ba zai zo ba, wasu kuma, waɗanda suka fi ɓarna, suna sa shi ya bar abin da yake nasa ne.

"Idan ka yi wata uku a wuri, doka ta mayar da kai na dindindin"

Wannan ita ta fi yawo. Wani ya ce wata uku, wani ya ce shida, kuma kowa da rantsuwa yake faɗa. Jita-jita ce, amma ba daga sama ta faɗo ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kafin ma'aikaci ya haura wata uku da kama aiki, dole wanda ya ɗauke shi ya ba shi bayani a rubuce: sunan mai aikin, irin aikin, yawan albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, wa'adin sanarwa kafin a rabu, da ranar ƙarewa idan aikin na ƙayyadadden lokaci ne. Daga nan "wata uku" ya samo asali. Takarda dokar ta ce a ba ka, ba ta ce a tabbatar da kai ba.

A wasu ƙasashe maganar gaskiya ce. Dokar ƙwadagon Ghana ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a wuri ɗaya ana ɗaukarsa tamkar na dindindin. A Afirka ta Kudu, ƙaramin ma'aikacin da kamfanin ɗaukar ma'aikata ya tura wani wuri, idan ya wuce wata uku ya zama ma'aikacin wurin, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da haka a 2018. Dokarmu, wadda asalinta na farkon shekarun 1970 ne, ba ta da irin wannan sashe. Shi ya sa za ka tarar da kashiyan da ya shekara takwas a kan kanta ɗaya, ana sabunta masa kwantiragi shekara-shekara, ya koya wa yara aiki sun zo sun zama oganninsa.

Akwai ƙanwar wannan magana, wato alƙawarin da ake yi wa sabon shiga: "Ka dai dage, masu ƙoƙari ana tabbatar da su." Ana yi, ba a ce ba a yi ba. Amma ƙofar ƙarama ce, kuma sharuɗɗanta su ne na ɗaukar sababbin masu digiri: sakamako mai kyau, takardar bautar ƙasa, jarrabawa, da iyakar shekaru da yawanci ba ta kai talatin ba. Wanda ya shiga da difloma yana da shekara ashirin da huɗu, ya lallaɓa ya yi digirin ƙarshen mako, kafin ya gama shekaru sun fitar da shi daga layi. A ganina nan ne rashin adalcin ya fi fitowa fili, domin an karɓi ƙuruciyar mutum da alƙawarin da ƙuruciyar ce sharaɗinsa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji kan aikin kwantiragi a harkar mai da gas a 2011, ta fitar da na bankuna da kamfanonin inshora a 2022, zamanin minista Chris Ngige. Ƙa'idojin ma'aikata ne dai, ba dokar majalisa ba.

"Banki na biyan dubu ɗari biyu a kaina, kamfani ya cinye rabi"

A nan sai an yi a hankali, domin amsar ta danganta da irin kwangilar da ke tsakanin kamfanonin biyu, kuma ma'aikaci ba ya ganin wannan kwangila.

Iri na farko shi ne wanda manyan wurare suka fi yi a kan kashiyoyi da masu amsa waya da masu tallan asusu. Mai aikin ne ke yanka albashi, ya ce ga abin da za a ba kowane mataki. Kamfanin ɗaukar ma'aikata ya ɗora abin da doka ta wajabta a kai: kashi 10 na fansho da ke kan mai ɗaukar aiki, kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata na NSITF, kashi 1 na asusun horaswa na ITF, inshorar rai, inshorar lafiya, sannan ladansa, sannan harajin VAT. Idan ma'aikaci ya leƙa takardar neman biya a teburin akanta ya ga adadi mai kauri kusa da sunansa, ba duka ne albashinsa ba, kuma ba duka ne ribar kamfani ba. Tambayar da ta dace a nan ita ce: waɗancan kuɗaɗen da aka karɓa da sunana, sun isa inda aka ce za su?

Iri na biyu shi ne na gadi da shara da dako a masana'anta. Mai aiki ya ce zan biya kaza a kan kowane mutum a wata, sauran ya rage naka. Duk abin da ɗan kwangila ya rage daga bakin ma'aikaci nasa ne. A nan maganar cin rabi ba ta yi nisa da gaskiya ba, wani lokaci ma ta yi sassauci. Sai dai laifin ba na ɗan kwangila kaɗai ba ne. Idan kamfanoni biyar suka nemi kwangilar gadin wani gini a Ibrahim Taiwo Road, wanda ya fi araha ake ba wa, kuma mai ginin ya sani sarai cewa a kuɗin da ya yanka ba za a iya biyan mafi ƙarancin albashi, a sayi yunifom, a biya fansho, a ci riba ba. Ya san daga jikin wa za a cire, ya dai zaɓi kada ya tambaya.

"Ɗan kwantiragi ba shi da haƙƙin komai"

Wannan ce jita-jitar da ta fi kowace tsada, kuma ma'aikatan da kansu suka fi yaɗa ta. Abin mamaki, Dokar Ƙwadago ta fi shafar su fiye da ogannin nasu. Ma'aikacin da take nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Wato direba, mai shara, masinja da mai aikin kanta su ne ainihin mutanenta, ba manajan reshe ba. Kuma babu inda ta ce ban da wanda aka ɗauko ta hannun wani kamfani.

Albashi ba ya wuce wata guda ba a biya ba. Wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Kaɗan ne ƙwarai, amma nasa ne. Rashin lafiyar da likita ya tabbatar, har kwana goma sha biyu a shekara ana biya. A kowane kwana bakwai akwai hutun yini guda cur. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, kuma idan ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Mata nawa ne a kantocin bankunan Sabon Gari suke ɗaure ciki da ɗankwali a ƙarƙashin kwat har wata na shida, don sun ji an ce 'yar kwantiragi idan ta haihu ta sallami kanta?

Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a Yulin 2024. Naira 71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da ita ta ma'aikatan jihar Kano ce, kada a haɗa. Dokar mafi ƙarancin albashin ta yafe wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da wannan ƙananan wurare suke fakewa. Amma kamfanin da ya baza masu gadi ɗari uku a faɗin gari ba zai ce su biyu ne kawai a wannan ƙofar ba, tunda shi da bakinsa ya ce duk ma'aikatansa ne. Ta kuma yafe wa masu aikin kamasho, wanda hakan ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ake son mayar da masu tallan asusu kan kamasho.

Fansho ya cancanci a tsaya a kansa. A dokar fansho ta 2014, kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye dole ya shiga tsarin: kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, ana lissafa su a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. A ce waɗannan ukun sun kama naira 100,000. Za a cire maka 8,000, kamfani ya ƙara 10,000, wato 18,000 ke shiga asusunka duk wata, 216,000 a shekara ban da riba. Dole kuɗin su shiga cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ba haka ba akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 a kowane wata ba. Asusun naka ne, da lambarka, ba na kamfani ba. Idan banki ya sauya ɗan kwangila, abin da ke faruwa a kai a kai, riga ta canza amma asusu na nan. Tun Nuwambar 2020 kana iya sauya kamfanin da ke kula maka da shi sau ɗaya a shekara. Idan aiki ya ƙare ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya karɓar kashi 25 na abin da ya taru.

Satar da ake yi a nan iri biyu ce. Ta farko ta ƙeta: a cire kashi 8 a takardar albashi, a ƙi turawa. Mutum ya shekara uku yana ganin an rubuta fansho a takarda, ran da ya je ya duba ya tarar wata biyar kawai aka taɓa sakawa. Ta biyu ta wayo: a farfasa albashi, a mayar da ainihinsa ɗan mitsitsi, a tara sauran a wasu alawus masu sunaye barkatai, don kashi 10 ɗin ya zama na ƙaramin abu. Ta farkon ana kama ta da saƙon waya kawai, domin kamfanonin fansho suna sanar da mai asusu idan kuɗi sun shiga. Hukumar PenCom mai sa ido kan fansho tana da ofishin shiyya a nan Kano, kuma bin irin wannan bashi aikinta ne.

Sai diyyar rauni. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci ma'aikacin wucin gadi, da na rabin rana, da ɗan koyo, ko yarjejeniyar ta baka ce. Ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo a kanta. Wanda inji ya cinye wa yatsu a Sharaɗa ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. Abin da aka saba gani shi ne a kai shi kemis, a ba shi dubu ashirin a ambulan, a ce Allah ya kiyaye gaba.

Abin da ba ya cikin doka shi ma a faɗe shi: garatuti da albashin wata na goma sha uku ba dole ba ne a kamfani mai zaman kansa. Idan suna cikin takardarka, bashi ne a kansu. Idan babu, kyauta ce.

"Idan kuɗi suka yi gibi, oga na da ikon cirewa a albashinka"

Ƙarfe huɗu an rufe ƙofa, amma kashiya bai tashi ba. Ya jera bandir-bandir a gabansa, ya ƙirga, ya duba kwamfuta, ya sake ƙirgawa. Dubu goma sha biyar ba ta nan. Ranar Litinin ce, 'yan Kwari da Singa sun yi ta shigo da kuɗi a buhu tun safe, tsofaffin takardu masu manne wa juna. Ya zazzage kwandon shara, ya ɗaga injin ƙirga, ya bi takardun ajiya ɗaya bayan ɗaya. Shugabar sashe tana tsaye a bayansa da mukulli a hannu.

"Malam, magariba ta yi fa. Ka cike mu rufe, ko in rubuta?"

"Madam, a taimaka a duba kyamara."

"Kyamara sai gobe. In na rubuta kuma ka san kamfaninku za a aika wa."

Ya san ma'anar wannan. Sai ya fita ya kira ɗan'uwansa mai POS a Bata ya ranto, ya cike.

A al'adar aiki haka ake yi, amma a doka ba haka ba ne. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashi. Idan asara ce ta faru saboda sakacinsa ko ganganci, ana iya cirewa, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire, kuma duk abin da za a yanke a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashin. Yankan dubu biyu na makara, da dubu biyar na rashin cika target, da ake yi da saƙon WhatsApp, ba su da gindin zama. Gaskiya ne kashiya amana ce a hannunsa, kuma akwai masu hannu. Amma bincike ake yi a gano, ba a fara da aljihun wanda ya fi kowa ƙaramin albashi a ɗakin ba.

"Sai ka sayi fom kafin a ɗauke ka"

Kamfanin gaske daga wurin mai neman ma'aikata yake samun kuɗinsa, ba daga mai neman aiki ba. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2023, ta ce kada irin waɗannan kamfanoni su caji ma'aikaci, kai tsaye ko a fakaice. Sana'ar kuma ba a yin ta sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma masu lasisin suna da ƙungiyarsu, HuCaPAN. Takardar da ka gani manne a jikin turken lantarki a 'Yan Kura, mai lambar waya ba adireshi, wadda idan ka je wani ɗaki a saman bene za a ce kawo dubu biyar na rajista da dubu goma na horaswa, wannan ba aiki ake ɗauka ba, kai ne cinikin.

Neman mai tsaya maka, wato garanto, ba laifi ba ne, kuma a aikin kuɗi da gadi yana da hujja. Sai dai kawun da ake kai wa fom ya sa hannu a kan tabarma bayan la'asar ya karanta tukuna, domin wasu fom ɗin suna ɗora masa biyan duk asarar da aka ce yaron ya jawo. Riƙe ainihin takardun makaranta kuwa wani abu ne daban. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa riƙe wa mutum takardun shaidarsa da riƙe masa albashi cikin alamomin aikin tilas. Kwafi ya wadatar, a ga na ainihi a mayar.

Batun shiga ƙungiyar ƙwadago kuwa gajere ne. Ana cewa ɗan kwantiragi ba ya shiga, kuma ƙarya ce. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa, Dokar Ƙwadago ta hana a gindaya wa mutum sharaɗin kada ya shiga, ta hana a kore shi don ya shiga. Bankuna suna da NUBIFIE ta ƙananan ma'aikata da ASSBIFI ta manya, kuma a Yulin 2018 ƙungiyar NLC ta yi wa ofisoshin MTN ƙawanya bisa zargin hana ma'aikata shiga ƙungiya, zargin da kamfanin ya musanta. Abin da yake gaskiya shi ne wanda ya fara ɗaga murya shi ne wanda ba za a sabunta wa kwantiragi ba a Disamba, kuma ba wanda zai rubuta dalili.

"Gara yaron shago a Kwari"

Dattawan kasuwa suna son wannan magana, kuma sukan haɗa da cewa bankuna ne suka kawo mana wannan bidi'a. Saka wani a tsakani ba sabo ba ne a wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan nan, kamfanonin Turawa ta hannun dillalai suke sayen gyaɗa, kamfanonin kuza a Jos ta hannun hedimomi suke samun leburori, kuma har gobe ɗan dako a Singa yana da shugaban da ke karɓo aiki ya raba. Abin da ya sauya shi ne tsarin ya sa kwat ya shiga ofis, musamman bayan haɗe bankuna na zamanin Soludo a Babban Banki, lokacin da 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, Bank of the North mai hedikwata a Kano ya narke cikin Unity Bank, rassa suka yawaita, kowa yana neman hannaye masu araha.

Amma akwai abin da dattawan suka hango daidai. Yaron shago ba shi da takarda, ba fansho, ba ranar albashi tsayayya, kuma labarin yaron da aka laƙa wa sata ana saura wata uku a sallame shi sananne ne a Kwari kamar yadda yake sananne a wajen 'yan koyon kasuwanci na Ibo a Sabon Gari. Duk da haka wanda yake ba shi umarni shi ne wanda nauyinsa ke wuyansa. Idan matarsa ta haihu, Alhaji ne zai sayi rago. Idan ya ƙi, kasuwa za ta sani, kuma kunyar kasuwa hukunci ce. Ɗan kwantiragi ya rasa wannan, domin an raba masa maigida biyu: ɗaya yana da iko ba nauyi, ɗaya yana da nauyi a takarda amma bai taɓa ganin fuskarsa ba.

"Tunda ba banki ne ya ɗauke ka ba, ba ruwansa da kai"

Duk wanda ya yi wannan aiki ya san zagayen. Wata ya kai biyar albashi bai shigo ba, ka samu manaja.

"Yallaɓai, har yanzu shiru."

"Ai ka san ba mu muke biyan ku ba. Kira mutanenku."

Ka kira lambar Legas, in an ɗauka a ce ba a biya su ba tukuna. Hutu kuwa kamfani ya amince, manaja ya ce ba mai riƙe masa kanta. Ana taron ƙarshen shekara, a raba wa wasu ribar shekara, ku a ba ku shinkafa, alhali target ɗaya aka ɗora muku. Mafi yawan ƙorafin da ake yi kan "halin kamfanin ɗaukar ma'aikata" idan ka tone shi halin reshen da aka tura mutum ne: tsawa a gaban kwastoma, tashi ƙarfe takwas na dare, hana fita sallar Juma'a ko zuwa coci sai da roƙo, manajan da ke kiran yarinya ofis ya rufe ƙofa. Jami'in kamfanin da ya kamata ya shiga tsakani yana kula da mutum ɗari biyu a jihohi uku, kuma ya san wanda ke biyan kwangila. Shi ya sa ko kora ba a kiran ta kora. Banki ya aika saƙo cewa ba ya bukatarka daga gobe, kamfani ya ce ai ba a sallame ka ba, ka jira a samo maka wani wuri, ba aiki ba albashi, har ka gaji ka tafi da ƙafarka.

Ko a nan doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya yanka wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama, ko a biya kuɗin wa'adin, sai fa idan babban laifi aka yi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sauyin da aka yi wa tsarin mulki a 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon shari'ar aiki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a duniya da yarjejeniyoyin da Najeriya ta amince da su, ciki har da ta 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda aka amince da ita a 2022. Kotun tana da reshe a Kano. Ta san aiki mai ƙafa uku, wato ma'aikaci da kamfanin da ya ɗauke shi da wurin da aka tura shi, ta yi magana a kansa a shari'ar ƙungiyar PENGASSAN da kamfanin Mobil, kuma ba ta ce haramun ne ba. Amma ta sha nuna cewa ba sunan da ke saman takarda kaɗai take kallo ba. Takan tambayi wa ke ba da umarni, wa ke ba da kwiri, wa ke ba da hutu, wa ya yanke shawarar a raba mutum da aikin. Idan amsar duk wuri ɗaya take nunawa, tana iya ɗaukar kamfanonin biyu a matsayin iyayen gida tare, ta ɗora musu nauyin tare.

Ba kowace ƙara ake ci ba, shari'a tana cin lokaci, kuma wanda albashinsa bai kai dubu ɗari ba zai yi tunani sau biyu kafin ya nemi lauya, ko da yake zuwa ofishin ƙwadago na tarayya a nemi sulhu ba ya bukatar lauya. Abin da ke kayar da yawancinsu tun kafin a je ko'ina shi ne rashin hujja. Kwirin da manajan reshe ya sa wa hannu, saƙon da ya ce ka zo aiki ranar Asabar, takardar kimanta ƙwazo mai hatimin banki, takardun albashi, bayanin asusun fansho: waɗannan su ke nuna waye maigida na gaskiya, kuma yawancinsu suna cikin imel ɗin ofis da ake rufewa a ranar da aka karɓe katin aiki. Takardun da suka shafi aikinka kana da damar ajiye kwafinsu a gida tun kana ciki. Bayanan kwastomomi kuwa kada ka taɓa, domin wannan kaɗai ya isa a kore ka ba sanarwa, kuma kotu ta ce an yi daidai.